Alamar Ta Yi Shuɗi

A wurin aikinmu ba a shiga da waya. A bakin ƙofa ake ajiye ta cikin akwati, sai an tashi a ɗauka. Abin da aka yarje mana kawai shi ne buɗe shafin saƙo a burauzar kwamfuta. Ni kuwa mai jera fayil ne, ba ni da kwamfuta, sai dai in roƙi abokin teburina.

Farfesa muke ce masa, don kullum iyafis na kunnensa yana sauraron shirye-shiryen fodkas, in ya cire kuma ya juye mana duk abin da ya ji.

Rannan aka sa za a yi wa Auta, 'yata mai shekara bakwai, aikin maƙogwaro. Sau uku muna zuwa asibiti layi bai kai kanmu ba, sau uku ina karɓar izini. Wannan karon Oga ya ce in zauna, sai an kira ni in je in sa hannu. Likitan sau ɗaya yake zuwa a wata, kuma sa hannun uba suke so.

Da safe na haɗa layina da kwamfutar Farfesa kafin in kai wayar akwati. Na buɗe masa hirarmu da maman yara.

"Don Allah ka bar shi a buɗe. Da ka ji ƙara ka taɓa ni."

"Kwantar da hankalinka, Baban Fayil. Ka san damuwa tana rage kwana? Jiya na ji wani masani ya faɗa."

"Masanin yana da 'ya a asibiti?"

Ya yi dariya ya toshe kunnensa.

Na kama aiki, amma rabin hankalina na kan ƙeyarsa. Fayil ɗaya sau biyu ina sa shi a gurbin da ba nasa ba. Ƙarfe goma na taɓa kafaɗarsa, ya girgiza kai ba tare da ya kalle ni ba. Sha ɗaya ma haka. Da sha biyu ta gota na kasa daurewa, na zare masa iyafis ɗin da hannuna.

"Nuna min in gani da idona."

Ya ture takardun da ya jingina a jikin allon. Saƙo huɗu. Na farko tun tara da rabi: an kira mu, ka taho yanzu. Na ƙarshe: Baban su, kana ina?

"Ka ce babu komai."

"Ban ji ƙara ba ne." Sai ya sosa kai. "Saƙonnin rukunin unguwarku ne suke ta katse min shiri, na kashe sautin. Na ce zan riƙa leƙawa."

"Ka leƙa?"

"An zo wurin da ya yi daɗi ne, wallahi."

Ban tsaya neman Oga ba. Mai gadi ma sai da ya laluba makullin akwati a aljihu uku.

A barandar asibiti na same su, Auta ta kwantar da kai a cinyar uwarta. An ba wani yaro gurbinmu tun sha ɗaya.

"Me ya hana ki kiran wayar ofis? Na rubuta miki lambar."

"In kira in ce me? Ina turawa alamar tana yin shuɗi. Ka karanta, na ɗauka kana hanya. Har roƙon nas na yi, na ce ga ka nan a bakin get."

Na buɗe baki in yi mata bayanin cewa shafin da aka bari a buɗe shi yake karanta saƙo da kansa, ko ba kowa a gabansa. Na ga idonta ya yi ja, na fasa.

"Sun ce sai sha takwas ga watan gobe," in ji ta. "Za ka sake tambayar Oga?"

Auta ta ɗago, muryarta a dashe.

"Baba, tun jiya ban ci komai ba. Yanzu an yarda in sha ruwa?"

Na karɓi gorar hannun uwarta na tafi neman famfo.