Ranar da Janareta Ya Yi Shiru

A unguwar ba mai kiran mai gyaran takalmin nan da sunansa. Janareta ake ce masa, saboda minsharinsa. Matarsa ta daɗe da sabawa da ƙarar. Abin da ya tsorata ta shi ne yadda numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci sai ta zungure shi, da rana kuma ya yi ta gyangyaɗi da allura a hannu. Likita ya duba shi, ya ce a sa masa na'urar da ke hura iska ta hanci lokacin barci.

Da rana tsaka wani dogon mutum daga shagon kayan asibiti ya yi sallama, da kwali a hammata.

"Ajiye nan, mun gode," in ji Janareta. "Na san kana sauri."

"Ba na sauri, Baba. Aikina ba a bakin ƙofa yake ƙarewa ba. Sai na ga ka sa ta da hannunka ka cire."

Suka shiga ɗaki. Soket ɗin na bayan durowar kaya, sai da suka ture ta su biyu suna nishi. Dogon ya ɗora na'urar a kan ɗan tebur, ya zuba ruwa a mazubinta, ya jona tiyo, sannan ya ɗaura wa Janareta robar da ke rufe hanci. Da ya kunna, iska ta riƙa fita ta gefe tana fito.

"Gashin bakinka ne ke hana ta zama," ya ce. "Ko a ɗan rage?"

"Allah ya yi maka albarka," in ji matar daga bakin ƙofa. "Tun ina amarya nake roƙo."

Janareta ya dafe gashin bakinsa, ya ce gara a mayar da injin. Dogon ya yi dariya, ya koma mota ya ɗauko wata roba ƙarama da ke zama a ƙofar hanci kawai. Ita ta zauna daidai.

"Kwanta yadda ka saba. Rufe baki, ka ja numfashi a hankali, kada ka yi kokawa da iskar."

Ya kwanta. Dogon ya juya yana nuna wa matar inda ake cire matatar ƙura, da ya waiwayo sai ya ga Baba ya yi nisa. Ba minshari, ba komai, sai ɗan hucin na'urar.

Matar ta matso da sanɗa, ta ɗora hannu a ƙirjinsa. Yana hawa yana sauka. Ta daɗe a tsaye, sannan ta goge ido da gefen ɗankwali.

"Kar ka tashe shi, don Allah. Ni ka koya mini."

"Zan koya miki, Mama, amma shi ma dole ya iya. Ranar da kika yi tafiya fa?"

Ya buga waya shago ya ce zai makara. A bakin famfo ya nuna mata yadda ake wanke tiyo da sabulu marar ƙamshi a shanya a inuwa, ta kawo masa shayi, suka zauna suna hira ƙasa-ƙasa.

Rana ta yi sanyi kafin Janareta ya fito, robar a goshi, yana rantsuwa idonsa biyu, duk yana jin su. Ba wanda ya musa masa. Aka koma ɗaki, Janareta ya sa robar a juye, ya cire, ya sake, har hannunsa ya gane hanya. Dogon ya sa masa lambarsa a waya, ya ce ko hanci ne ya bushe a kira shi.

Dogon zai fita ke nan Janareta ya kalli ƙafarsa.

"Tsaya. Da wannan takalmin mai buɗe baki kake shiga gidajen mutane? Cire shi."

Dogon ya zauna a kan benci da safa, Baba ya jawo akwatin aikinsa yana zura zare a allura.