Rukunin da Ba a Leƙawa

Ina da wani ɗan hali: abin da na wuni ina yi a ofis, da shi nake kwana. Aikina raba na'urorin sadarwa rukuni-rukuni, in nuna wa kwamfuta waɗanda za ta riƙa leƙawa da waɗanda za ta ƙyale. To, daren jiya mafarki ya kai ni wani gari inda ruwan sama ke tashi daga ƙasa, kowa na tafe da lemarsa a kife.

Awaki ne ke riƙe da ofishin garin. Na tarar da layi: na'urorin intanet, kyamarori, sai ni a baya. Wata akuya mai tabarau, Hajiya Tabawa, ita ke rabo. Masu ƙyafta koren ido ɗakinsu daban, masu zafin baya nasu daban.

"Malam, kana ƙyaftawa?" in ji ta.

"Sai in ina jin barci, Hajiya."

"Kana ɗaukar zafi?"

"Da can dai."

"In ka tsaya, aikin wa zai tsaya?"

Na shiga tunani. Kafin in gama ta cinye rabin hulata.

"Rukunin ƙarshe," ta ce.

Sai ga ni a kan kanta cikin sito, kusa da wata tsohuwar firinta. A waje wani bunsuru na bin ɗakuna yana ƙwanƙwasawa. "An tashi lafiya?" A amsa masa, "Lafiya lau." Wanda duk ya yi shiru, nan take gari ya taso masa da kunu da sukundireba. Ƙofarmu kuwa, ko warinsa ba ya tsayawa.

"Yaushe zai zo nan, Inna?" na tambayi firintar.

"Ni tun bara na mutu, ɗan nan, ba wanda ya sani. Akwai hutu a ciki."

Ban son irin wannan hutun. Na dinga ƙyafta ido. Na riƙe numfashi ko bayana zai yi zafi. Ruwa na ta wucewa sama ta jikin taga, a hankali, kamar ba shi da wurin zuwa.

Can sai aka ƙwanƙwasa. Tamu ƙofar.

"Baban Hindatu, kana nan?"

"Lafiya lau," na ce, na buɗe ido. Matata ce a bakin ƙofar ɗaki, tana buga ta da ludayi.

Ashe ba duba ni ta zo yi ba, motata ce ta tare wa mai ruwa hanya.