Migas ɗin Baba Eusebio

Ni ba mai girki ba ne. Shekara goma sha ɗaya na yi ina sayar da huluna da tabarau a bakin titin 125th Street. Da gwiwa ta hana ni tsayuwa, sai na koma aikin kula da tsofaffi a gidajensu. A haka aka haɗa ni da Baba Eusebio a unguwar Morris Heights, ɗan shekara tamanin da bakwai, mutumin wani ƙaramin gari a kan duwatsun kudancin Sifaniya. Turancina gurgu, nasa ma gurgu, amma muna gane juna.

Damuwar ita ce ya daina cin abinci. 'Yarsa Pilar ta zo daga New Jersey ta faɗa a gabansa: nas za ta dawo da sikeli nan da mako uku, in nauyinsa ya ƙara sauka, gidan tsofaffi za a kai shi. Tsohon ya juya fuskarsa bango.

Ba shi da zance sai na garinsu. Gidaje farare masu rufin soro kamar namu na Maraɗi, da magudanan da ke sauko da ruwan ƙanƙara daga saman dutse zuwa gonaki.

"Mutanenku ne suka haƙa su, Hamidou. Musulmi, kafin a kore su shekara ɗari huɗu da suka wuce. Har yau da su muke ban ruwa."

"Baba, ni mutanena rijiya suke haƙawa. Buɗe baki."

Ya ƙi. Na ce to me zai ci a duniyar nan? Ya ce migas. Ya zauna a bakin kicin yana ba ni umarni: man zaitun, tafarnuwa, ruwa, gishiri, tsakin alkama, a yi ta juyawa har ya warware. Da ya kai ga naman alade na ajiye muciya. Na ce wannan ba zai shiga kaskon da hannuna ke juyawa ba. Ya yi dariya, ya ce a shekarun yunwa bayan yaƙinsu wa ya ga alade, da kifin sardin da soyayyen tattasai uwarsa take yi.

Kusan awa guda ina juyawa. Abin da ya fito, dambu ne kawai. Na kai masa, ya leƙa taga, ya ture.

"Yau ba a ruwa."

"Cikinka sama yake dubawa?"

Wai a garinsu ranar da ruwa ya hana fita gona ake cin migas. Na zauna a gabansa na cinye kayana, don haushi.

Kwana tara ina lallaɓa shi da shayi da biskit. Ranar Alhamis da hantsi ruwa ya kece. Na sake dafawa, na zuba a faranti, na ajiye masa.

"Wa ya ce ka zuba a faranti? Kuma ina mutanen?"

Na fita ina buga ƙofofi. Na samo Afua, 'yar Kumasi da ke ɗakin da ke kallon na Baba, da mijinta Kwabena, da Mahamudu mai tasi da na tasa daga barci.

Baba ya sa aka ɗora kaskon a kan kujera a tsakiyar falo, aka ba kowa cokali. Ya miƙe da sandarsa ya faɗi doka: a tsaye ake ci, ka ɗebi cokali ɗaya ka ja da baya taku ɗaya, wani ya matso. Haka makiyayansu suke yi, kowa ya samu.

Mahamudu ya ce, "Malam Hamidou, cin abinci ne ko fareti?"

"Ci ka matsa, kai dai."

Bai matsa ba. Ya kafe a bakin kasko yana ɗiba. Baba ya zungure shi da sanda a ƙwauri, ya shige gabansa ya ɗebi nasa. Ya ja baya, ya tauna, ya dawo. Da ya ga Mahamudu na neman ƙanzon gindin kasko sai ya ƙara sauri. Ni ina bayansa riƙe da bel ɗin wandonsa kada ya faɗi, muna gaba muna baya kamar masu rawa. Afua ta kawo yajinta da suke kira shito ta ɗiga a gefe. Baba ya ce a garinsu da an kore ta. Ya ɗanɗana, ya yi tari, ya sake ɗiba daga wajen.

Watan Afrilu ne, an ƙara ruwa sau uku kafin zuwan nas, kowane karo muka taru a kan kaskon migas. Sauran ranakun Afua takan shigo da shinkafa da wake, ita da Kwabena su ci tare da shi, shi ma ya taɓa.

Nas ta ɗora shi a sikeli, Pilar na tsaye da takardun gidan tsofaffi a jaka. Ya ƙaru da laba biyu. Aka bar shi a ɗakinsa. Nas ta leƙa kicin, ta ce in rage mai. Na ce mata to. Ban rage ba.