Gram Ɗari Biyar Cif

Ƙullin daddawa guda ɗaya, wanda bai kai ƙwan kaza ba, shi ya rufe wa Lauratu shagonta na intanet wata shida cur.

Ba mugunta ta yi ba, wallahi. Wata mata ce a Legas ta sayi man kaɗanya roba uku. Lauratu kuwa a gindin tiren uwarta ta tashi a unguwar Ƙetaren Gwari, inda ba a sallamar mai ciniki sai an ɗora masa gyara. Sai ta cusa daddawa a gefen kwali. Kwalin ya kwana huɗu a mota cikin zafin bazara. Matar na buɗewa ta toshe hanci, ta kai ƙara wurin kamfanin da ke riƙe da shagon, wai an aiko mata da ruɓaɓɓen abin da ba ta saya ba.

Da kamfanin ya buɗe shagon, sai ya ɗaure masa ƙafa: roba ashirin a wata, ko ɗaya ba ƙari. Ga matan ƙauyen Beji su tara suna dakan kaɗanya saboda ita. Mama Christiana, babbarsu, ta faɗa mata ba ɓoye-ɓoye cewa in wannan watan ma ashirin ne, dole su koma wa dillalan da ke kwashe musu mai a wulaƙance. Abin ya tsaya wa Lauratu a rai, don ita ce ta raba su da dillalan tun farko.

Ranar Talata da hantsi wayar da take jira ta shigo. Mama na zaune a tsakar gida da daron mai a gabanta, ta ɗauko shi tun daga Beji. Mai kiran ya ce sunansa Irimiya daga kamfanin, shi ke duba buƙatarta ta ƙarin kaya.

"Hajiya, wata huɗu ke nan ba a yi ƙorafi a kanki ba. Saura tambaya ɗaya. Me ya sa kika sa abin da ba a saya ba?"

"Gyara ne, Malam."

"Na sani. Ni ɗan Paiko ne, doya uwata take sayarwa. Amma takardar da ke gabana gurbi biyu gare ta, kuskure ko ganganci. In ba ki zaɓi ɗaya ba, ba zan iya turawa ba."

Lauratu ta ji zuciyarta ta yi ɗaci. Yau tarbiyyar uwarta ce za ta kira kuskure da bakinta? Ta dubi Mama, ta dubi hannuwan nan da tafasasshen mai ya sha ƙonawa.

"Rubuta kuskure," ta ce.

"Kin kuma yi alkawarin abin da aka rubuta a roba shi za a samu a ciki? Gram ɗari biyar, ba ragi ba ƙari."

"Na yi."

Kafin azahar saƙo ya shigo, an ƙara mata zuwa roba ɗari biyu a wata.

"Mun gode Allah, 'yata," in ji Mama. Ta jawo roba ta cika ta sumul, sannan don murna ta dangwalo mai da babban yatsa ta ɗora a kai, kamar yadda ta saba.

Lauratu ta aza robar a sikeli. Ɗari biyar da arba'in.

Kunya ta kama ta har cikin ƙashi, amma ta ɗauki cokali. Ta kankare kaɗan, ta duba, ta sake kankarewa. Mama na kallon cokalin yana komawa daro.

"Shekara arba'in ina sayar da mai," Mama ta ce a hankali, "ban taɓa ganin an ɗora an sauke ba."

Lauratu ba ta iya ɗaga ido ba. Ta rufe robar. Tsohuwar ta goge yatsanta a zani, ta miƙo mata ta biyu, wannan karon ba ta ɗora komai ba.