Teburin Tranter Ya Shiga Takaba

Tun kafin a kwance igiyar keken dokin a ƙofar shagon Mista Pilbeam da ke unguwar Shoreditch a Landan, Keziah mai goge kayan katako ta gane teburin. Aikin marigayi babanta ne, kafinta Tranter, na ƙarshe kafin idonsa ya tafi. Falle huɗu ya yanko daga kututture guda, sirara kamar ɓawon albasa, ya manna su baki da baki har zanen katakon ya buɗe ta kowane ɓangare. Ita ta goge shi tana budurwa, sai da ya koma ruwan zuma.

"Sheƙinsa za a sabunta?" ta tambaya.

"Baƙi za a mai da shi," in ji Pilbeam, yana kallon gefe. "Mijin Madam Ashdown ya rasu. Ta ce duk kayan falo su shiga takaba."

"Shi ma teburin mijinsa ne ya mutu?"

"Keziah, ki iya bakinki."

"Haba maigida! Fallen nan bai kai kaurin farce ba. In ya sha rini ya sha ke nan, ba kankarewa. Ta rufe shi da ƙyalle mana, in ta gama kukan ta yaye."

"Na faɗa mata. Ta ce ita ba ta makoki rabi da rabi. In ba za ki iya ba, in ba Dabney."

Dabney! Mutumin da ke shafa rini kamar mai yaɓen katanga. Keziah ta fizgi burushin. In dai kashe aikin Baba za a yi, gara ya mutu a hannun 'yarsa.

Haka masu kuɗin Landan suke, ba su iya baƙin ciki a zuci ba, sai sun shafa shi a labule da kujera maƙwabta sun shaida. Keziah ta shafa, tana zagi ƙasa-ƙasa, tana kuka. Tsakiyar, inda fallayen suka haɗu, ta bari sai ƙarshe, sannan ta runtse ido ta bi ta kai.

Ranar mayarwa ta bi masu dako don ta share sawun yatsunsu. Madam Ashdown ta sauko cikin baƙaƙen kaya, ta yi wa teburin kallo ɗaya.

"Yawwa. Shimfiɗa," ta ce wa 'yar aikinta.

Aka warware ƙaton ƙyallen karan-miski mai tuntaye, aka lulluɓe teburin har ƙasa, aka ɗora hoton marigayi da tukunyar fure.

Keziah ta matso kusa. "Ranki ya daɗe, yaushe za a yaye wannan?"

"A yaye? Ba a barin tebur tsirara a gidan mutunci, yarinya. Tun ran da marigayi ya sayo shi a rufe yake." Ta gyara zaman hoton. "Wai a da wane launi ne ma?"