Cikon Na Biyar

Daren jiya wani mafarki na yi. Na tsinci kaina a wani ofis, akuya ce zaune a kujera da tabarau. A bayanta akwai ƙofa, daga ciki ina jin tarin Innata, wadda ta rasu ina aji biyu a jami'a.

"Ranki ya daɗe, Inna nake son gani," na ce.

"Sai kin kawo cikin tafin hannu biyar," in ji akuyar. "Ganye da 'ya'yan itace, na yau. In babu, ƙofa ba ta buɗuwa."

Na yi dariya. "Ni za ki koya wa? Ilimin abinci na karanta. Shekara huɗu ina shan garin kwaki ban roƙi kowa ba, kuma ni na zo ta ɗaya."

"To, a cikin shekara huɗun sau nawa kika cika biyar?"

Na juya na fita neman su.

Sai ga ni a fadama. Ruwan sama yana tashi daga ƙasa, mangwaro yana faɗawa sama. Na daka tsalle na cafke ɗaya. Na tsinko gwaiba a jikin turken lantarki, karas a aljihun wani kada, alayyafo a kan rufin mota. Ƙafafuna suka tsage, ban zauna ba.

Na dawo da huɗu, na ɗora dankali a kai.

"Kubura," in ji akuyar, "ke da kanki kika rubuta a jarrabawa cewa dankali ba ya cikin lissafi."

Ta cinye shi. Rana ta fara faɗuwa ta gabas.

Sai hannu ya zuro ta ƙarƙashin ƙofar, da lallen nan da na sani, riƙe da kwaɗon zogale. Irinsa na ture a hutuna na ƙarshe kafin rasuwar Inna, na ce mata abincin ƙauye ne.

"Karɓi, 'yar boko," in ji Inna. "A littafinku akwai shi?"

"Akwai, Inna. Shafi guda cur."

"To ci. Kin rame."

Akuyar ta ɗaga hatimi. Ƙofar ta fara motsi, har na hango bakin zanen Inna.

Kwaram! Na farka. Akuyar maƙwabta ce ta kifar da bokitin da na shuka zogale a ciki. Na fita ba ko ɗankwali, na kore ta. Ganye uku ta bar mini.