Takabar Ranar Alhamis

Mamata Kaliyopi ta tsani baƙaƙen kaya, duk wanda ya ce maka ba haka ba to bai san ta ba. Da Baba Matiyos ya rasu ta saka su kamar yadda kowace mace ke yi a ƙauyenmu na kan duwatsun tsibirin Kirit, tun daga ɗankwali har safa, kuma ba ta taɓa ƙorafi a gaban mutane ba. Amma ni 'yarta ce, ni nake jin abin da take faɗa in tana shanya su a igiya.

"Argiro," takan ce, "duk wanda ya hango ni sai ya tuna zai mutu. Ni kuwa ban mutu ba tukuna."

Shekara uku ta yi a cikinsu. Ranar addu'ar cikar shekara ukun, bayan an raba dafaffiyar alkama mai sukari da rumman a ƙofar coci, sai ga yayarta Lenyo, da muke kira Tiya, wato inna, da ƙunshi a hammata. Tun daga ƙauyen mijinta na bakin teku ta kudu ta taso, ga ciwon gwiwa, don a danginmu babbar 'yar'uwa ce ke fitar da mace daga takaba. Ta kwance ƙunshin, riga ce shuɗiya mai ƙananan furanni. Mama ta saka, ta tsaya gaban madubi.

"Ke Kaliyo!" in ji Tiya Lenyo. "Ashe har yanzu da sauran mace a ciki!"

Suka yi ta dariya har da hawaye. Rabon da in ji dariyar Mama irin wannan har na manta.

To, ni da ƙanena Sifis muna aiki a katafaren otal ɗin nan na gangare, mai filin golf. Ni ina tuƙa 'yar motar lemo da ƙanƙara, ina bin masu kuɗin Jamus da Ingila daga rami zuwa rami, a kan ciyawar da take kore shar ko a tsakiyar zafi, alhali zaitunmu na can sama suna yaushi. In ɗayansu zai buga ƙwallo sai in kashe mota in ƙame, ko tari ba a yi. Shi kuwa Sifis bas yake ja, yana kai su kallon kufai da kogo da tsofaffin coci-coci a ranakun da suka huta da wasa. Shi ne mai wayon da ya ce wa manaja, me zai hana ranar Alhamis a kai 'yan hutu ƙauye su ci abincin gida na gaske? A gidan wa? Gidanmu mana.

Haka aka fara, tun Mama na cikin takaba. Ta gasa musu rago, ta soya dodon koɗi, ta yi fanke mai cuku da zuma, su zauna ƙarƙashin inabi suna shan raki, barasar gida, suna ja kamar gauta. Wani mai hoto ya zo ya ɗauke ta tana murza ƙullu, baƙin ɗankwali har goshi, fuska a murtuke don ranar haƙori ke damun ta. Suka buga hoton nan ƙato a zauren otal, suka manna shi a jikin bas ɗin Sifis. Kullum da safe sai na wuce ta gaban ciwon haƙorin uwata kafin in fara aiki.

Alhamis ta farko bayan fita takaba, Mama ta tari 'yan hutu a ƙofa da shuɗiyar rigarta, har da 'yan kunne. Na ɗauki hutu ranar don in taya ta, saboda haka da idona na gani. Wata doguwar mata mai hular golf ta miƙa mata jaka kamar 'yar aiki, tana leƙen bayanta, tana tambayar Sifis ina tsohuwar take. Sifis ya ce ai ga ta nan. Matar ta dubi Mama sama da ƙasa, ta dubi bas, ta taɓe baki. Suka cinye ragon tas, amma hoto ko ɗaya ba su ɗauka ba.

Washegari ina loda ƙanƙara a bayan ofis na ji manaja, Kiriyos Vardas, mutumin Atina mai magana a hankali kamar likita, yana yi wa Sifis karatu.

"Sifis, ɗana, abinci muna da shi a nan, masu dafa shi daga Faransa muka ɗauko. Mutanen nan ba yunwa ke kai su ƙauyenku ba. Abin da suka gani a hoto shi suka saya. In mahaifiyarka ta gaji, ba komai, akwai wani direba da kakarsa ke ƙauyen gaba, ita har yanzu tana cikin nata."

Ka ji fa. Wai har yanzu tana cikin nata, kamar ana zancen tumatir da bai ruɓe ba.

Ranar Lahadi Sifis ya zo gida da kwalin alewa, na san ba alheri. Ya zauna yana murza makullin mota, ya fara da matarsa mai ciki, ya bi da hayar gida a gari, ya ƙare da cewa in aka ƙwace masa Alhamis, to baɗi da wuya a sake ɗaukarsa.

"Mama, rana ɗaya ce a mako. Ki mayar da baƙaƙen, ki ɗauke su kayan aiki. Argiro ma ai riga suke ba ta a otal."

"Rigata ba ta ce ubanka ya mutu ba, sakarai!" na ce. "Ka je ka saka su kai, ka ɗaura ɗankwali, ai fuskar munafunci kana da ita."

"Ke dai ba ki da aure ba ki da ɗa, sai baki."

"Gara bakin da hayar uwa."

"Ya isa," in ji Mama. Ta dubi Sifis ta ce, "Ranar Alhamis kawai. Kowa a ƙauyen nan ya san ni, za su gane aiki ne."

Na ce mata ba za su gane ba. Na kira Tiya Lenyo a waya na haɗa su, ina jin muryarta daga inda nake tsaye. "Kar ki yi, Kaliyo. Da hannuna na fitar da ke. Ba a wasa da kayan nan, ba naki ba ne ke kaɗai, na duk matar da aka yi wa mutuwa ne." Mama ta ce to Yaya, ta ji. Ranar Laraba da yamma na tarar tana goge su.

Abin da Sifis ya manta, shi da ya koma gari ya fara saka tabarau, shi ne a wurinmu baƙaƙen kaya sanarwa ce. Alhamis da safe Mama ta fita sayen burodi. Maza na zaune a shagon kofi na dandali, suna hango ta suka ajiye karta suka miƙe tsaye. Nikitas mai burodi ya cire hula, hannunsa duk gari.

"Kiriya Kaliyopi, wa muka rasa?"

"Ba kowa," in ji Mama. "Aiki ne. 'Yan otal ne za su zo."

Nikitas ya tsaya da hula a hannu bai san inda zai kai ta ba. Mazan suka koma kujerunsu ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya yi dariya ranar, sai mako na gaba.

Maƙwabciyarmu Kiriya Despina ce ta buɗe fagen. Ita shekararta goma sha wani abu cikin takaba, ta rantse da su za a binne ta, kuma dama fitar Mama ta tsaya mata a wuya. Ta jingina da katanga tana ɓare wake, ta ɗaga murya yadda duk layi zai ji.

"Kaliyo, yau ma Matiyos ya sake mutuwa? Bawan Allah, kowane mako! Ku bar shi ya huta mana."

Daga nan shi ke nan. In mutum ya manta ranar mako sai a ce masa leƙa ka ga kayan Kaliyopi. Matan da suka yi shekara talatin suna zama da ita a benci ɗaya a coci suka fara matsawa, wai su tasu takabar ba ta haya ba ce. Mama ba ta tanka wa kowa. Sauran ranaku ta saka shuɗiyarta, daga baya har ta ɗinka wata ruwan ƙasa, amma ta daina zuwa dandali da su, sai dai tsakar gida. Abin ya ci ni ƙwarai, na daina gaisa da Sifis a wurin aiki, in bas ɗinsa ya wuce in kau da kai.

'Yan hutu kuwa sai son barka. Wata Alhamis wani ƙaton mutum da rana ta ƙona wa wuya, wanda jiya-jiyan nan na kashe mota ina jiran ya gama auna ƙwallonsa, ya tsayar da Mama jikin ƙofa zai ɗauke ta. Mama ta yi masa murmushi don haka aka rene ta. Ya sauke na'urar ya ce wa Sifis wani abu.

"Me ya ce?" in ji Mama.

Sifis ya sosa ƙeya. "Wai ki daina murmushin, Mama. Ya fi kyau in ba kya yi."

Ta daina. Na shiga kicin na fasa faranti da gangan, ban kuma share ba.

A ƙarshen bazara, wata safiyar Alhamis, ina shirin gangarawa aiki waya ta yi ƙara. Ɗan Tiya Lenyo ne. Ya ce mahaifiyarsa ta tashi lafiya, ta ba kaji hatsi, ta zauna a kujera, shi ke nan. Jana'iza sai gobe, za a zo a ɗauke mu da asuba.

Mama ba ta yi ihu ba. Ta shiga ɗaki, ta fito cikin baƙaƙen kayan, har ɗankwalin ta ja shi ya rufe goshi. Na kira Sifis na ce in ya kuskura ya hawo da bas ɗin nan yau, na rantse da Allah sai na ƙona shi da shi a ciki. Ya fashe da kuka, na kashe wayar.

Ba a kaɗa ƙararrawar cocinmu sai don mutumin ƙauyen, Tiya Lenyo kuwa ta zama ta kudu tun aurenta. Amma ba a bukatar ƙararrawa. Yadda ake yi, wadda aka yi wa rashi ta je coci ta kunna kyandir, ta ratsa dandali a gan ta, ta dawo ta bar ƙofarta a buɗe, ta ɗora kofi, ta fito da busasshen burodi da barasa kaɗan. Ba a gayyatar kowa. Mutane su gani, su tambaya, su shigo.

Na bi ta a baya. Ta ratsa dandali a hankali, idonta jawur. Mazan shagon kofi ko ɗago kai ba su yi daga karta ba. Nikitas ya leƙo ta taga da fara'arsa.

"Kiriya Kaliyopi, na ware miki na 'yan otal, yau guda nawa?"

Ta wuce abinta. A dawowa Despina na kan katanga. "A gaishe da Jamusawa, Kaliyo! Yau kin iya fuskar sosai."

Na buɗe baki, Mama ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni. "Ko kalma," ta ce.

Muka buɗe ƙofa, muka jera kujeru da kofuna. Ta zauna a kujerar da ke kallon titi, hannu bisa cinya. Mutane suna wucewa, su ga ƙofa a buɗe, su ga kujeru, su gan ta cikin baƙaƙen kaya, su ci gaba da tafiya, don haka gidanmu yake kowace Alhamis. Kofi ya huce na zubar na sake dafawa, ya sake hucewa.

"Mama, bari in je in gaya musu."

"A'a. Ba a roƙon ta'aziyya."

Da rana ta karkata na kasa haƙuri. Na fita na tsaya tsakiyar dandali na kware baki. "Lenyo ta mutu! Yayar Kaliyopi ta mutu tun safe, uwata na zaune ita kaɗai, ku kuna karta! Allah ya isa!" Karta ta zube ƙasa. Nikitas ya fito da gudu yana kwance gyauton aikinsa. Kafin in kai gida mata sun fara fitowa suna gyara ɗankwali, kowace kai a ƙasa.

Despina ce a gaba, don ƙofarta ta fi kusa. Ta tsaya a bakin ƙofarmu, ƙafa ɗaya a ciki. Na ga kunya a fuskarta, ba zan yi mata ƙarya ba, kuma ba da tsiya ta yi maganar ba, a hankali ta yi ta. Ta dubi kujerun, ta dubi kayan jikin Mama, ta leƙa titi ta inda bas ke hawowa.

"Kaliyo," ta ce, "da gaske ne?"

Mama ta dube ta, ta dubi matan da ke bayanta suna jiran amsar su ma.

"Argiro," ta ce, "rufe ƙofar."

Na rufe. Muna ji suna ƙwanƙwasawa, Mama ta tashi ta fara kwashe kofuna.